Zomo ba bawan giwa ba ne: darasin diyauci daga ƙasashen gurguzu



Tun daga ranar 26 ga Yulin 2023 babu kalmar da ta fi yawo a bakinmu irin diyauci. A fada ita ce, cikin taksi ita ce, a rediyo da tele ita ce. Sojojin Faransa sun tattara nasu ya nasu a Disambar 2023, na Amurka suka bi bayansu a Satumbar 2024, kuma ina cikin waɗanda suka ce Allah raka taki gona. Ƙasar da baƙon soja ke zaune cikinta bisa yarjejeniyar da ƴan ƙasa ba su san abin da ta ƙunsa ba, da sauranta. Wannan a wajena babu gardama a kai.

Inda nake da magana shi ne kan wasu jimloli biyu da ke biyo baya kusan kullum. Ta farko, sai ka ji saurayi ya ce: "Ai sabbin abokanmu ba irin Turawan Yamma ba ne, su ƴan uwa ne, tun zamanin Tarayyar Sobiyet suna bayan raunana." Ta biyu, in wani ya ɗaga yatsa ya yi tambaya kan yadda ake tafiyar da ƙasa, sai a ce masa apatride, wai ba shi da kishin ƙasa. Rasha ta yau ba ta bin gurguzu, kowa ya sani. Amma in ana son sanin ko kalmar "ɗan uwa" tana kare ƙaramar ƙasa daga babba, babu inda ya fi dacewa a leƙa irin sansanin gurguzu na ƙarnin da ya wuce, don ba a taɓa yin sansanin da ya yi ta rantsuwa da ƴan uwantaka kamarsa ba. To mu duba mi ya samu waɗanda suka nemi cin gashin kansu a cikinsa, mi ya fitar da wasu, mi ya ci wasu.

A takarda, akidar mai daɗin ji ce. Ta ce ma'aikacin masaƙa a Jamus ya fi kusa da ma'aikacin masaƙa a Rasha bisa ga maigidansa Bajamushe. Iyakoki da tutoci wayon masu jari ne don raba kan talakawa. Ranar da aka kawar da jari-hujja babu sauran babbar ƙasa da ƙarama, sai kamarad da kamarad. Cikin waɗanda suka fara hango ramin da ke cikin wannan magana akwai wani Musulmi ɗan ƙabilar Tatar, Mirsaid Sultan-Galiev, wanda ya kai babban matsayi a jam'iyyar Lenin. Ra'ayinsa shi ne ma'aikacin ƙasar da ta saba mulkar wasu, ko da ya karɓi mulki, ba zai saki wuyan waɗanda ake mulka ba, maigida ne kawai zai canza riga. An kama shi a 1923 bisa zargin kishin al'ummarsa, aka harbe shi a 1940. Shekara takwas bayan mutuwarsa, maganar tasa ta fito fili a Yugoslabiya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mafi yawan ƙasashen gabashin Turai sojojin Sobiyet ne suka kori Jamus daga cikinsu, suka zauna, suka kuma ɗora shugabannin da da yawansu a Mosko suka yi zaman yaƙin. Yugoslabiya ta sha bamban. Josip Broz, wanda aka fi sani da Tito, ya yi shekara huɗu cikin duwatsu tare da mayaƙan sa-kai suna fafatawa da Jamus. Sobiyet sun taimaka wajen karɓar Belgirad a Oktobar 1944, amma sun wuce gaba, ba su zauna ba. Don haka aka wayi gari Tito na da sojansa, da ƴan sandansa, da jam'iyyar da shi ta sani a fagen daga. A wajen akida kuwa ya fi kowa tsauri, har ma ofishin Kominfom, haɗakar jam'iyyun gurguzu da aka kafa a 1947, a Belgirad aka ajiye shi.

To mi ya haɗa shi da Stalin? Abubuwan da muka sani ne. An kafa kamfanonin haɗin gwiwa biyu, na jiragen ruwa bisa kogin Danub da na jiragen sama, ƴan Yugoslabiya suka ga riba wajen babban wa take tafiya. Jami'an leƙen asirin Sobiyet suna ɗaukar ƴan ƙasa aiki a ɓoye cikin soja da ma'aikatu. Tito kuma yana tsara huldarsa da Albaniya da Bulgariya da Girka ba tare da ya nemi izini ba. A Maris 1948 Stalin ya janye mashawartansa na soja da na farar hula. Ranar 28 ga Yunin 1948 aka kori Yugoslabiya daga Kominfom, aka kuma yi kira ga ƴan jam'iyyarta su kawar da shugabanninsu. Kurushof ya ba da labari a 1956 cewa Stalin ya yi alfaharin ɗan ƙaramin yatsansa kawai zai motsa Tito ya faɗi. Aka yanke ciniki, aka jibge sojoji kan iyaka. A ƙasashen maƙwabta aka shiga rataye manyan ƴan jam'iyya bisa zargin suna da ra'ayin Tito: Laszlo Rajk a Hangari cikin Oktobar 1949, Traicho Kostov a Bulgariya cikin Disambar wannan shekara.

Tito ko gezau. Abu biyu suka tsayar da shi. Na farko, sojan nasa ne, babu tankar baƙo a babban birninsa. Na biyu, da aka rufe masa ƙofa ɗaya bai tsaya kuka ba, ya buɗe wata: ya karɓi alkama da bashi daga Amurka, daga baya har da makamai, amma bai shiga OTAN ba, bai bar gurguzu ba. A 1955 Kurushof da kansa ya tako Belgirad neman sulhu. A Satumbar 1961 ƙasashe 25 suka taru a wannan birni aka kafa ƙungiyar ƴan ba-ruwanmu, da Tito da Nasir na Masar da Nehru na Indiya da Nkrumah na Gana da Sukarno na Indonesiya a sahun gaba. Hausawa suka ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Tito ya nuna wa duniya haka.

Da labarin nan ya tsaya a nan, da mun tafa mun tashi. Amma a 1949, ana tsakiyar wannan jarumta, gwamnatin Tito ta buɗe gidan kaso bisa wani tsibiri a tekun Adiriyatik mai suna Goli Otok, ma'ana tsibirin da ba komai bisansa: dutse ne zalla, ba inuwa, ba ruwan sha. Fiye da mutum dubu goma suka ratsa ta wurin, ɗaruruwa suka mutu. Sabon zuwa sai a sa shi ya bi tsakanin sahu biyu na tsofaffin fursunoni suna jibgarsa, wanda ya sassauta hannu shi ma ya sha. Gaskiya ne cikinsu akwai masu yi wa Stalin aiki, barazanar ba ƙarya ba ce. Amma da yawa abin da ya kai su shi ne tambaya a taron jam'iyya, ko wata barkwanci, ko maƙwabcin da ke da haushinsu. Milovan Djilas, na hannun daman Tito tun daga duwatsu, da ya rubuta cewa manyan jam'iyya sun zama sabbin masu gida, an tuɓe shi a 1954, ya yi kusan shekara tara a kaso. Tito ya rasu a Mayun 1980, ya bar bashin da ya kusa dala miliyar 20, ya kuma bar al'ummomin da ba a taɓa bari sun yi gardama a fili kan zamansu tare ba. A 1991 suka fara yin gardamar da bindiga.

Waɗanda sojan babban wa ke zaune a ƙasarsu kuwa, ko damar da Tito ya samu ba su samu ba. Ranar 23 ga Oktobar 1956 ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga a Budafes, cikin buƙatunsu har da ficewar sojojin Sobiyet. Wanda ya zama firaminista, Imre Nagy, tsohon ɗan gurguzu ne da ya yi shekaru da dama a Mosko, babu mai cewa yaron Amurka ne. Ranar 1 ga Nuwamba ya ce Hangari ta fita daga ƙawancen soja na Warso, ta zama ƴar ba-ruwanmu. Ranar 4 ga wata tankoki suka shigo. An kashe ƴan Hangari wajen 2,500, wasu kimanin 200,000 suka tsere. Gidajen rediyon Yamma da suka yi ta zuga matasa, ba su aiko ko soja ɗaya ba. Nagy ya fake a ofishin jakadancin Yugoslabiya, aka yi masa alkawarin ba abin da zai same shi, yana fitowa aka kama shi, aka rataye shi ranar 16 ga Yunin 1958. Kun san abin da ya fi ciwo? Kafin tankoki su shiga, Kurushof ya tafi wajen Tito ya shawarce shi, Tito ya amince. Mutumin da ya yi wa duniya wa'azin kowa ya bi hanyarsa, da ya ga hanyar Hangari ta nufi zaɓe mai jam'iyyu da yawa, sai ya kau da kai.

A Agustan 1968 aka maimaita a Cekoslobakiya, inda shugaban jam'iyya Dubcek ya sassauta wa ƴan jarida da marubuta. Bayan nan Birejnef ya fito da ƙa'ida ƙarara: ƙasar gurguzu tana da diyauci, amma diyaucinta ya ƙare a inda maslahar sansani ta fara, kuma Mosko ke faɗin inda ta fara. Ku ajiye wannan a ranku. Duk wata babbar ƙasa tana da irin wannan ƙa'ida, wasu sun rubuta, wasu ba su rubuta ba. Mu da muka ga yadda Faransa ta yi ta sauke sojoji a ƙasashen Afirka shekara da shekaru, ba sai an yi mana fassara ba.

Labarin da nake son mu fi tsayawa a kai shi ne na Romaniya, don shi ya fi kama da jarabawar da ke gabanmu. Shugabanninta sun yi wayo, suka lallaɓa har sojojin Sobiyet suka fice a 1958. Da aka zo da tsarin rabon aiki a sansani, wanda zai bar Romaniya tana noma wasu suna ƙera injuna, suka ƙi, suka gina babbar masana'antar ƙarfe a Galati. A Afrilun 1964 jam'iyyar ta fitar da sanarwa cewa babu jam'iyya uwa babu jam'iyya ɗiya, kowace ƙasa ita ke da ikon tsara hanyarta. Nikolai Caushesku ya hau a 1965. Ranar 21 ga Agustan 1968, ranar da tankoki suka shiga Firag, ya fito bisa barandar ofishin jam'iyya a Bukares, gaban dubun dubatar jama'a, ya yi tir da mamayar. Wallahi a ranar ya zama gwarzo. Har waɗanda ba su taɓa son jam'iyyar ba suka tafa masa da zuciya ɗaya. Nikson na Amurka ya ziyarce shi a 1969, Romaniya ta shiga FMI da Bankin Duniya a 1972, Sarauniyar Ingila ta karɓe shi a fadarta a 1978.

Wannan tafi na 1968 shi ya yi ta ci har shekara ashirin. Duk wanda ya buɗe baki, an san amsar: kana so Rasha ta shigo ne? Kana yi wa baƙi aiki ne? Ya ciwo bashi ya gina masana'antun da ba su biyan kansu, babu wanda ya isa ya ce masa lissafin bai fita ba. Zuwa 1981 bashin ya haura dala miliyar 10. Sai ya yanke shawarar biyan sa kaf, da sunan diyauci, don kada wani baƙo ya sake gaya masa magana. A baki abin burgewa ne. A ƙasa kuwa, nama da hatsi aka yi ta fitarwa waje, aka koma rabon burodi da mai da sukari da kati. Ana yanke kuran da ɗumama ɗaki a ƙasar da sanyinta ke kisa. Tele ta koma awa biyu a yini, mafi yawanta yabon shugaba. Ko injin buga takarda gare ka, sai ka kai shi an yi rajista wajen ƴan sanda. A cikin wannan hali aka rushe wani babban yanki na tsohon Bukares don gina masa fada. Ma'aikatan Brasov suka yi bore a Nuwambar 1987, aka murƙushe su. A Afrilun 1989 ya yi shelar an gama biyan bashi. Ranar 21 ga Disambar 1989 ya sake fitowa bisa wannan baranda dai, jama'a suka yi masa ihu. Kwana huɗu bayan haka sojojinsa suka harbe shi da matarsa. Ku lura fa, ba sojan baƙo ya kayar da shi ba. Ƙasar ba ta da bashin kowa, ba ta da sansanin kowa, amma mai gida ya cinye diyaucin shi kaɗai.

Albaniya ta fi haka nisa. Enber Hoja ya ɓata da Tito a 1948, ya ɓata da Mosko a 1961, ya ɓata da Sin a 1978. Kundin tsarin mulkin 1976 ya haramta karɓar bashi daga ƙasashen jari-hujja. An gina ramukan ɓuya na siminti fiye da 170,000 don jiran maharan da ba su taɓa zuwa ba, a ƙasar da mutane ke neman ɗakin kwana. A 1967 aka rufe duk masallatai da coci-coci, a ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. In diyauci shi ne kawai ka ce wa kowa a'a, babu wanda ya kai Hoja. Amma a Agustan 1991 duniya ta ga hoton jirgin ruwa guda ɗauke da mutum kusan 20,000, har bisa igiyoyinsa, sun nufi Italiya. Matasa ne irinmu. Mu da ke ganin ƴan uwanmu suna ratsa Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, mun san abin da wannan hoto ke faɗi.

A Asiya ma haka zancen yake. Sin da Tarayyar Sobiyet sun sa hannu kan yarjejeniyar abota a 1950. A 1960 Kurushof ya janye ƙwararrunsa fiye da dubu, suka bar ayyuka rabi da rabi. Sin ta ci gaba ita kaɗai, ta gwada bam ɗinta na nukiliya a Oktobar 1964, kuma a Maris 1969 sojojin manyan ƙasashen gurguzu biyu suka harbi juna kan kogin Usuri. Biyetnam kuwa, Ho Chi Minh da kansa ya faɗi cewa kishin ƙasarsa ne ya kai shi ga Lenin. Da makaman Sin aka ci Faransa a Diyen Biyen Fu a 1954. Shekara 25 bayan haka, ranar 17 ga Fabrairun 1979, wannan Sin ɗin ta auka wa arewacin Biyetnam. Biyetnam na da sabuwar yarjejeniyar abota da Mosko ta Nuwambar 1978. Mosko ta aiko makamai, ba ta aiko soja ba, ƴan Biyetnam suka tare da kansu. Ita ma Biyetnam ɗin, da take zomo gaban Sin, giwa ce gaban Kambodiya: ta kawar da gwamnatin kisan gilla ta Pol Pot, amma sojojinta suka yi shekara goma a can. Abin da ya fitar da ita daga yunwa daga baya shi ne gyaran da ta fara a 1986, da aka sakar wa manomi mara ya noma ya sayar. Zuwa 1989 tana fitar da shinkafa waje. Har yau jam'iyya ɗaya ce ke mulki can, ban ɓoye wannan ba, amma a kan maganar abinci ta saurari manomanta, kuma ta ga amfanin sauraron.

Kada wani ya ce wannan duk labarin nesa ne, ya taɓa mu. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumbar 1958 Gine ta ce wa Dagol a'a, Faransa ta kwashe komai ta fice, Seku Ture ya juya wajen Mosko. A Disambar 1961 ya kori jakadan Sobiyet bisa zargin shisshigi. Namiji ke nan, ya ce a'a sau biyu. Amma shi ɗin ne kuma mai Kam Buwaro, gidan kason da Diallo Telli, babban sakataren farko na ƙungiyar haɗin kan Afirka, ya mutu cikinsa a 1977 bayan an hana shi ci da sha. Tito da Goli Otok, Seku Ture da Kam Buwaro: kamar tare ake sayar da su.

A nan gida, Djibo Bakary da Sawaba suka yi kamfen ɗin a'a a 1958, aka kayar da su, aka haramta jam'iyyar a 1959. Matasanta da dama suka tafi samun horo a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya, suna da mafaka a Gana ta Nkrumah. A ƙarshen 1964 suka shigo da makamai, aka murƙushe su, wasu aka kashe su bainar jama'a, da yawa suka ruɓe a kaso. Da aka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, mafakar ma ta tafi. Ina girmama waɗannan bayin Allah, kakannin wasunmu ne, kuma abin da suka nema a 1958 shi muke ta faɗa yau. Amma tarihinsu ya nuna taimakon waje yana da wa'adi, kuma ba kai ke riƙe da agogon ba.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta: muna cikin yaƙi, ƴan ta'adda na kashe sojojinmu da talakawanmu, maƙiya na waje ba su yi barci ba, yanzu lokacin haɗin kai ne. Ban raina wannan magana ba. Jinin da ke zuba a Tilaberi da Difa da arewacin Tawa na ƴan uwanmu ne. Amma Tito ma barazanarsa ta gaske ce, Caushesku ma tankoki na kan iyakarsa a 1968. Matsalar ita ce "yanzu ba lokacin tambaya ba ne" ba ta da ranar ƙarewa, kuma wanda ake wa tambayar shi ke da ikon cewa lokaci ya yi. A Romaniya an yi shekara ashirin ana jira. In da akwai jarida ɗaya ko majalisa ɗaya da ta isa ta ce wa Caushesku wannan masana'anta asara ce, da ba a kai ga rabon burodi ba. Mai tambaya shi ke nuna inda ɗaki ke yoyo tun damina ba ta yi nisa ba.

Mu tuna Agustan 2023, da takunkumin CEDEAO ya sauka, Najeriya ta yanke kuran, aka rufe iyakoki. Wa ya kwana cikin zafi? Wa ya sayi shinkafa da magani da tsada? Mu ne, kuma mun jure. Wanda ya jure wannan yana da haƙƙin a gaya masa abin da ake sa hannu a kai da sunansa. Don haka ga abin da nake roƙon mu riƙa tambaya, ko wane ne abokin, Rasha ce, Sin ce, Turkiyya ce, ko wata da ba ta zo ba tukuna. Mi ke cikin yarjejeniyar, kuma wa ya karanta ta ban da waɗanda suka sa hannu? Da mi muke biya, da kuɗi ne, da uraniyom, da zinariya, ko da man fetur na shekarun da ba su zo ba? In muka ɓata gobe, mi zai tsaya cak a ƙasar nan, kuma muna da wata ƙofar? Ina aka kwana kan madatsar Kandaji, da rumbun tsimi, da lakkwal ɗin da ke horar da injiniyoyinmu, tunda waɗannan ne suka hana a murɗe wa ƙasa hannu? Sannan wanda ya yi waɗannan tambayoyi da rana, zai kwana gidansa da dare?

Ƴan uwa, in za mu ɗaga tuta, mu ɗaga tamu. Abota da kowace ƙasa halal ce, Tito ma da alkamar Amurka ya tsira, amma ya san ciniki yake, bai ɗauka ya samu uba ba. Kuma in ɗan uwanka a fada ya kawo tambayar da ba ta yi maka daɗi ba, kafin ka ce masa apatride, ka tuna Imre Nagy da Djilas da Diallo Telli duk an kira su maciya amanar ƙasa, kuma yau a Budafes mutum-mutumin Nagy ne ke tsaye. Ka zuba masa shayi, ka ba shi amsa da hujja in kana da ita. In ba ka da ita, ku tafi tare ku nemo ta wajen waɗanda ke da alhakin bayarwa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka faɗi a fagen daga, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare Nijar da mutanenta.